Ku Bar wa Ɗan Riƙo Hanyar Gidansu

Ranar Talatar da ta wuce, bayan an idar da sallar isha'i, wani yaro daga cikin 'ya'yan unguwarmu ya biyo ni har zaure da takarda a hannu. Na ce yaro ne don a gabana aka haife shi, amma magidanci ne, yana aiki a wani kamfanin roba a Sharada, shekararsa bakwai da aure, Allah bai ba su haihuwa ba tukuna. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya miƙo mini takardar. Fom ne na shiga firamare. Ya ɗora yatsa a kan layin da ake rubuta sunan uba, ya ce, "Baba, nan ne ya gagare ni."

Yarinyar da za a sa a makarantar 'yar abokin aikinsa ce, mutumin Borno, da suke kan inji ɗaya. Uwar ta rasu wajen haihuwa, uban ya bi ta bayan shekara guda, a lokacin yarinyar ba ta wuce shekara biyu ba. Ta tashi a ɗakinsu tana ce masa Abba, tana ce wa matarsa Umma, ba ta san kowa ba sai su. Ya ce, "Baba, in na rubuta sunana, wa na cuta? In kuwa na rubuta na mahaifinta, gobe malami ya kira suna a aji, ta dawo ta tambaye ni wane ne wannan, me zan ce mata?"

Na ce masa ya gyara zama. Abin da na gaya masa a daren shi nake so in faɗa muku, 'ya'yana na Sharada da Challawa da Bompai, don na san ba shi kaɗai ba ne. A Ja'en akwai irinsa, a Panshekara akwai, a Dakata da Gama da Tudun Murtala akwai. Kafin komai, Allah Ya saka muku da alheri. Na san albashin kamfani, na ci shi shekara da shekaru. Wanda ya ƙara baki a kan tukunyar da ba ta kai ƙarshen wata ba, ya yi abin da masu kuɗi da yawa ba su yi ba. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yatsunsa biyu ya haɗa ya nuna irin kusancin da mai riƙon maraya zai samu da shi a Aljanna. Don haka maganata ba faɗa ba ce. Ƙarasa alherin nake so ku yi.

Riƙo ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mu da muka tashi a da, da wuya ka sami gidan da babu ɗan riƙo. Ɗan fari kunyarsa ake ji, da an yaye shi sai kaka ko goggo ta ɗauke. Matar da ba ta haihu ba, ɗan'uwanta zai ba ta 'ya ta riƙe har ta aurar. Baba ta Karo, tsohuwar nan ta ƙasar Zazzau da Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ba ta haifi ɗa ko ɗaya ba, amma ta yi riƙo, ta aurar, ta ga jikoki. Sai dai ku lura da yadda wancan riƙon yake. Cikin dangi ake yin sa, ko cikin gari ɗaya. Yaro yana gidan goggo, gidan ubansa yana bayan masallaci. Ranar suna ko biki zai ga uwarsa, ta kawar da kai don kunya, amma ya san ita ce. Babu wanda ya taɓa zama ya koya masa asalinsa, domin asalin yana kewaye da shi, a bakin masu kirari, a bakin tsofaffi, a bakin abokan wasa.

Kamfanoni ne suka kawo mana wani irin riƙo dabam. Tun zamanin Turawa aka fara kafa masana'antu a Bompai, na matsar gyaɗa da na saƙa da na alewa, daga baya har kekunan Raleigh a nan ake haɗa su. Da kuɗin mai suka shigo a shekarun 1970 aka buɗe Sharada da Challawa, majemun fata suka jeru a kusa da kogi, ga na roba, ga na lemo. Jiniyar kamfani ta kira mutane daga ko'ina: Barebari, Nufawa, Igala, Tibi, Yarbawa, Ibo, mutanen kudancin Kaduna da na Filato, Zabarmawa, ga Buzaye da farin 1973 da 1974 ya koro daga Nijar suka kama gadi a bakin ƙofofi. Mutum zai zo shi kaɗai, ya kama ɗaki ciki ɗaya, ya je gida ya ɗauko mata. Danginsa suna can nisan kwana guda a mota. In ajali ya zo, wanda suke canjin aiki tare shi zai yi masa wanka, shi zai kai shi makwanci, shi kuma zai waiga ya ga yaro a tsaye a bakin ƙofa.

Daga 1986 da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu, aiki ya fara ja baya. Rashin wuta da kayan waje masu araha suka ƙarasa masaƙu, aka yi ta sallamar ma'aikata. Na san waɗanda suka bar 'ya'ya a hannun maƙwabta suka tafi Legas ko Fatakwal neman aiki da niyyar dawowa bayan wata uku, har yau shiru. Ranar Juma'a, 20 ga Janairun 2012, aka kai hare-haren da suka haɗa da hedikwatar 'yan sanda ta Bompai, mutum sama da 180 suka rasu a yini ɗaya, kowanne da nasa iyalin. Sai kuma 'yan gudun hijirar Borno da Yobe suka shigo. A 2015 gwamnatin Kano ta karɓo marayu 100 daga Borno ta sa su makarantar kwana a Mariri. Waɗanda talakawa suka ɗauka a ɗakunansu ba tare da an yi shela ba, Allah kaɗai Ya san yawansu. Duk waɗannan yara ne da gidansu na asali ba ya bayan masallaci. In wanda ya riƙe su bai nuna musu hanya ba, babu mai nunawa.

Ni kaina na yi wannan kuskure, shi ya sa ba na iya yin shiru a kansa.

Ina aiki a wata masaƙa a Bompai, layin injina ɗaya da wani Babarbare, mutumin wani ƙauye a ƙasar Dikwa. Mutum ne mai yawan shiru, in an tashi cin abinci kwano ɗaya muke sa hannu. Matarsa ta riga shi rasuwa, shi kuma ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ya cika a 1988, ya bar yaro ɗan shekara uku. Na ɗauko yaron a kafaɗa na kai wa maiɗakina. Muka so shi so na gaskiya, ba mu taɓa bambanta shi da namu ba a kwano ko a ɗinkin Sallah. Da ya isa shiga makaranta, na ɗauki biro na rubuta sunana a matsayin uba. A zuciyata tausayi ne. Na ce kada ya ji shi bare ne a cikin 'yan'uwansa.

Amma yaron yana da tsagar Barebari a kumatu, layi-layi, wadda wanzami ya yi masa yana jariri. Takarda tana faɗin abu ɗaya, fuska tana faɗin wani. Yana ɗan shekara bakwai ya tambayi maiɗakina me ya sa shi kaɗai ke da zane a gidan. Ta ce masa ciwo ya yi yana ƙarami aka tsaga masa. Ya yi shiru, muka ɗauka ya yarda. Ashe ramin ƙarya ƙurarre ne. Yana shekara goma sha uku suka yi faɗa da wani yaro a filin ƙwallo, yaron ya ce masa, "Agola ma ya fi ka, shi ya san uwarsa." Ya dawo gida bai yi kuka ba, bai tambayi kowa komai ba. Sai dai ya daina shiga ɗakin uwar riƙonsa ya zauna a gefen gado kamar yadda ya saba. In an zuba abinci sai ya jira kowa ya ɗiba. Wata guda muna haka kafin in gane abin da ya faru. Da na zaunar da shi na gaya masa gaskiya, tambaya ɗaya ya yi mini: "Baba, duk unguwa sun sani?" Na ce sun sani. Ya ce, "Ni kaɗai ne ban sani ba." Wannan magana har yau tana ci na.

Bayan ƙaramar Sallah ta 1999 na ɗauke shi muka hau mota. Wudil, Azare, Potiskum, Damaturu, muka kwana Maiduguri, da safe muka kama hanyar Dikwa. Sunan ƙauyen kawai nake riƙe da shi a ka, da sunan mahaifin abokina, don ban taɓa rubuta komai ba. Sai da muka yi ɓatan kai sau biyu kafin wani mai shayi ya haɗa mu da mai babur. Muka tarar kakarsa ta rasu shekara biyu da suka wuce. Aka ce har ta kwanta ciwon ajali tana cewa tana da jika a Kano. Goggonsa ce ta fito, ƙanwar mahaifinsa. Ba ta jin Hausa, shi ba ya jin Barbarci. Ta kama fuskarsa da hannu biyu, tana bin tsagar da yatsa layi bayan layi, tana cewa "wushe, wushe," hawaye na zuba. Shi kuma yana tsaye kamar icce, ya rasa kalma ɗaya da zai mayar mata. Sai da aka kira wani ɗan makaranta ya yi musu tafinta, tsakanin mace da ɗan ɗan'uwanta. A ranar na san abin da na hana yaron nan. Shekara goma sha ɗaya, mota tana tashi daga Kano zuwa Maiduguri kullum.

Kafin mu taho dattawan gidan suka kai mu bayan gari suka nuna masa gona. Suka ce rabon ubansa ne, suna nomawa suna jiran mai ita. Ku riƙe wannan da kyau, 'ya'yana. A shari'a ɗan riƙo ba ya gadon wanda ya riƙe shi. Abin da za ka iya yi masa shi ne kyauta tun kana raye, ko wasiyya da ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na dukiya ba. Gadonsa yana gidan ubansa. In ka goge sunan uban, ranar da ka faɗi magadanka za su tuna masa cewa ba shi da rabo a nan, can kuma babu wanda ya san shi. Ka ga tausayin ya bar shi ba tsuntsu ba tarko.

Addini bai bar mu cikin duhu a kan wannan ba. Zaidu ɗan Harisa, Allah Ya yarda da shi, an sace shi yana yaro daga danginsa Banu Kalb, aka sayar da shi, har ya zo hannun Nana Khadija, ta ba Manzon Allah. Da mahaifinsa da baffansa suka ji labarin inda yake, suka zo Makka da kuɗin fansa. Annabi bai ɓoye shi ba, bai ce ba ya nan ba. Ya kira shi, ya tambaye shi ko ya san mutanen nan, ya ba shi zaɓi. Zaidu ya gane ubansa, ya kuma zaɓi zama wurin wanda ya riƙe shi. Mutane suka riƙa ce masa Zaidu ɗan Muhammadu, har ayoyin farkon Suratul Ahzab suka sauka da umarnin a kira irin waɗannan 'ya'ya da sunayen iyayensu maza. Ya koma Zaidu ɗan Harisa, son da ake masa kuwa bai ragu da ƙwayar zarra ba. In da akwai sunan da ya cancanci a liƙa wa ɗan wani don girmamawa, ai wannan ne, amma aka ce a mayar masa da na ubansa. Balle nawa da naka.

Yanzu ke 'yata, matar gida, da ke nake. Na san tsoronki, domin na ga irinsa a idon maiɗakina. Ke kika yi wankin kashi da fitsari, ke kika kwana a zaune ranar da ƙyanda ta fito, kina tsoron ranar da wasu za su zo su ce tasu ce. Mata za su zo barka ko gaisuwa su rage murya su ce miki tsintacciyar mage ba ta mage. Kada ki ɗauki wannan magana. Yaron da na ba ku labari yau magidanci ne da 'ya'ya biyar, kuma ranar da maiɗakina ta rasu shi ya fara shiga kabari ya karɓe ta. Sanin goggonsa bai ɗauke shi daga gare mu ba. Abin da ya kusa raba mu shi ne ɓoyewar. A 2014 da tashin hankali ya watsa ƙauyukan yankinsu, goggon nan tasa da jikokinta uku gidansa suka sauka a nan Kano, don suna da lambar wayarsa. Da mun ƙara jinkiri, da babu ƙauyen da za mu je mu tarar, su ma da ba su da ƙofar da za su ƙwanƙwasa.

Ɗan unguwarmun nan da ya kawo mini fom ya tambaye ni me zai ce wa yarinya in ta tambaya. Na ce kada ya jira ta tambaya. Yaro ƙarami yana ɗaukar gaskiya kamar yadda yake ɗaukar tatsuniya, in dai daga bakin wanda yake so ta fito, da dare, yana kwance a jikinsa. Ka ce mata tana da Abba biyu, ɗaya ya koma ga Allah, mutumin kirki ne, tare muke aiki, shi ya ba ni ke amana. Ke kuma matar gida, ki nuna mata hoton uwarta in akwai, ki ce ga inda kika samo wannan hancin. In an yi sallah a ɗaga hannu tare a yi musu addu'a da sunansu. Yarinyar da ta tashi da wannan, ranar da wani ya yi mata gori a makaranta za ta ce ai na sani. Gori ba ya cin wanda ya riga ya san labarinsa. Wanda aka bari sai ya balaga, ko sai ranar da dangin miji suka zo bincike, shi ne ake karya wa zuciya, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ranar ɗaurin aure za a tambayi waliyyi, a tambayi dangin uba. Akwai kuma hukuncin muharramaka, wanda ya danganta da ko an shayar da yaro kafin ya cika shekara biyu ko ba a shayar ba. Wannan ku zauna da malami tun yara suna ƙanana ya warware muku.

Sannan ku rubuta. Littafin makaranta na 'yan kuɗi kaɗan ya isa. Sunan uba da na kaka, sunan uwa da na gidansu, ƙauye, gunduma, ƙaramar hukuma, sunan mai unguwa ko bulama ko dagaci, wace kasuwa ce kusa da su kuma wace rana take ci, a wace tasha ake hawa mota. Ranar da iyayen suka rasu da maƙabartar da aka kai su. Ku sa a leda tare da katin aikin uban, da hularsa ko carbinsa, da zanen goyon uwar. Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya a yi ta da sunan gaskiya, domin daga ita za a ɗauki na katin ɗan ƙasa da na jarrabawa, kuma gyaran suna daga baya wahala ce da rantsuwar kotu. Ƙwaƙwalwa ba abar dogaro ba ce. Ni da na ci kwano ɗaya da mutum shekara shida, sai da na ɓata a hanyar garinsu.

Harshe shi ne ya fi saurin tafiya, shi ne kuma ku kuka fi kowa damar riƙe shi. Wanda yake ƙauye zai ce ina zan sami Babarbare ko Banufe? Ku kuwa da su kuke karɓar albashi a layi ɗaya. Kusan kowace ƙabila a kamfanonin nan tana da taron 'yan gari da suke yi wata-wata, suna adashi, suna kai gawa gida. Ka nemi na mutanen uban yaron, ka je ka gabatar da kanka, ka ce ga ɗanku a hannuna. Ka nemi gida ɗaya na kirki a cikinsu da yaro zai riƙa yini ranar da babu makaranta. Ba sai ya zama gwani ba. Ya iya gaisuwa, ya iya amsawa, ya iya cewa na gode, ya san yadda ake kiran goggo da kawu da kaka a bakinsu. Kai ma ka koyi gaisuwar, ka riƙa yi masa da safe. Yanzu ga waya a hannun kowa, kakar da take can za ta iya aiko da murya ta WhatsApp ta yi wa jikanta wasa da harshenta. Mu a zamaninmu sai dai wasiƙa ta hannun direba.

Ke kuma 'yata, ki shiga gidan matan Barebari ki ga yadda suke tuƙa burabisko, ki karɓo turaren wuta da humra irin nasu ki ajiye wa yarinya. Hanci yana riƙe abin da kai ya manta. Ranar da ta shiga ɗakin danginta ta ji ƙamshin da ta saba ji a ɗakinki, ba za ta ji ta shiga baƙon wuri ba. Ku gaya wa yaro su wane ne abokan wasansa. Babarbare da Bafillace, Bagobiri da Bayarabe, Bakano da Bazazzagi, Tibi da Fulani. Ranar da mai nono ta tsokane shi ta ce bawanta ne, ya san abin da zai mayar, a yi dariya. Ƙaramin abu ne, amma da irinsa mutum yake sanin yana da wuri a cikin jama'a. In hanya ta yi kyau kuma aljihu ya yarda, a kai shi gida ko sau ɗaya a shekara biyu, don zumunta a ƙafa take. In hanya ba ta da aminci, a nemi danginsa da suke Maiduguri ko Damaturu ko nan cikin Kano.

Sai dai a yi da hankali, kada garin nuna masa asali a mai da shi baƙo a gidan da ya tashi. Na taɓa jin wata tana kiran 'yar riƙonta "ke 'yar Tibin nan" a gaban baƙi. Wannan ba sada zumunci ba ne, wariya ce. Yaron Bakano ne, a nan ya yi rarrafe, Hausa ce a bakinsa, gurasa da ɗanwake ya tashi da su. Ƙari ake yi masa a kan wannan. In ya kai wani shekaru ya ce shi ba ya son zuwa, kada a tilasta shi. A ajiye littafin, zai nema da kansa, yawanci ranar da aka yi masa haihuwar fari.

Akwai wadda ta fi nauyi, ba zan tsallake ta ba. Wani lokaci abokin aikin da ya rasu ba addininku ɗaya ba. Na ga Musulmi ya riƙe ɗan Kirista a Dakata, na ga Kirista ya riƙe ɗan Musulmi a Sabon Gari. Wanda ya mutu ya bar maka ɗa, amana ya bar maka, kuma ya san addininka lokacin da ya yarda da kai. Abin da ya fi shi ne a nemo dangin yaron tun da wuri, a zauna da su a gaban mai unguwa, a yi magana a fili kan sunansa da tarbiyyarsa da inda zai zauna. Abin da aka yi a ɓoye a irin wannan shi yake zama fitinar da take wuce gida biyu ta ci unguwa.

Mu Kanawa mun ɗanɗana zafin wannan. A watan Oktoban 2019 'yan sanda suka dawo da yara tara da aka sace daga unguwanni irin su Sauna da Yankaba da Dakata aka sayar a Onitsha. An canza musu suna, wasunsu Hausa ta ɓace a bakinsu, iyaye suna magana 'ya'ya suna kallo. Garin nan gaba ɗaya ya girgiza, daga baya kotu ta yanke wa jagoran masu satar ɗaurin shekara 104. Ban haɗa ku da ɓarayin yara ba, Allah Ya kiyaye, ku ceto kuka yi. Amma ku tuna abin da ya fi ƙona mana rai a lokacin: suna da harshe. Abin da muka ji, shi goggo take ji a Dikwa ko a Bida ko a Gboko. A wasu ƙasashe ma hukuma ce da kanta ta yi wannan, da sunan taimako. Ostireliya ta shekara da shekaru tana ɗauke 'ya'yan mutanen ƙasar na asali tana ba Turawa riƙo, har a 2008 firaminista Kevin Rudd ya tsaya a majalisa ya nemi gafara. Koriya ta Kudu ta tura yara wajen 200,000 ƙasashen waje bayan yaƙinta, yau ga su da furfura suna komawa da tsofaffin takardu suna neman uwayensu. Da yawansu sun ci sun ƙoshi, sun yi karatu. Ƙoshin bai hana su nema ba. Shi ya sa yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta ambaci kafala irin ta Musulunci da sunanta, ta kuma ce a kula da ƙabilar yaro da addininsa da harshensa in za a ba da shi riƙo.

Wanda kuma aka tsinta, ko aka karɓo daga gidan marayu na Nassarawa ba a san kowa nasa ba, shi ma yana da farkon labari. Ranar da aka same shi, unguwar, zanen da aka naɗe shi da shi, takardun hukuma, duk a adana. Ayar da ta ce a kira yara da sunan iyayensu ita ce ta ce in ba a san iyayen ba, 'yan'uwa ne a addini. Kada a ƙirƙira masa uban ƙarya, kada kuma a bari wani ya jefe shi da kalmar da ba shi ya jawo ta ba. Haka nan in wani ya bayyana rana tsaka ya ce shi baffa ne ya zo ɗaukar yaro, kada kunya ta sa ku miƙa. A je gaban mai unguwa, a kawo shaidu, in ta kama a je kotu ko ma'aikatar mata. Buɗe hanyar gida ba ya nufin sakin hannun yaro ga duk wanda ya zo.

Ɗan nawa mai fom ya karɓi biro a zauren nan ya rubuta sunan abokinsa a kan layin, nasa kuma ya sa a wurin mai kula da yaro. Da na tambaye shi sunan ƙauyen marigayin, sai ya ce ya san dai ta wajen Monguno ne. Na ce gobe kafin ya shiga aiki ya biya ofishin ma'aikata, ya roƙi a duba masa fayil ɗin mutumin, domin duk wanda aka ɗauka aiki ya rubuta garinsu da sunan wanda za a nema in wani abu ya faru. Ku ma da kuke da irin wannan yaro a ɗaki, ku je a makon nan. Na ga masaƙun da suka fi waɗannan kamfanoni girma an sa musu kwaɗo, takardun ma'aikata gara ta cinye. Ku tambayi tsofaffin da suka yi aiki da uban tun suna da rai, ku rubuta abin da suka faɗa, ku sa a leda ku ajiye wa yaron.